Farfesa da Gemun Mai Doki

Ƙanena mai aski ne, kuma tun da na goya shi ban taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ka tambaye shi me ya sa firij ɗinka ke ƙara, zai gaya maka. Ka tambaye shi me ke damun jaririnka, zai gaya maka, har ya haɗa da abin da ya dami kakan jaririn. Da ya sayi wani tabarau mai farin gilashi, wanda ba ya ƙara gani ba ya ragewa, sai 'yan layinmu suka laƙaba masa Farfesa don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a ƙofar shago.

Shagona na kayan masarufi yana manne da nasa. Katako ne kawai a tsakaninmu, saboda haka duk abin da aka faɗa a wajena yana ji. Abin da ya faɗa a wajensa kuwa har na tsallaken titi suna ji.

A tsallaken titin nan Gwaggo take. Dattijuwa ce mai tsabta, ba ta son raini, ba ta son a ji tausayinta. Ɗanta ɗaya ne tak, amma Auta take kiransa, ko da yake ba shi da wa ba shi da ƙane. Auta mai zane ne, yana can wata ƙasa mai nisa, ya daɗe rabonsa da gida, sai dai waya duk ƙarshen mako. Abin da bai sani ba shi ne idanun uwarsa sun yi yana, ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Ta ɓoye masa, ta ɓoye wa layi. Ni kaɗai na sani, don ni nake zura mata zare a allura.

Wata safiya ta shigo shagona rungume da wani abu mai faɗi a naɗe cikin takarda, ta yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, ara mini idonki."

"Lafiya, Gwaggo?"

"Na gaji na tambayi yaron nan yaushe zai dawo gida. Ya yi dariya, ya ce ya aiko mini da zane, in duba da kyau, amsata tana ciki. To ga zane ya iso. Ni kuwa ban ga komai ba sai rawaya da ruwan ƙasa."

"Ki kira shi mana ki tambaye shi."

"In ce masa me? In ce uwarka ta makance, ya watsar da aikinsa ya taho jinya? Allah ya kiyaye. Ke dai duba ki gaya mini, zai dawo ko ba zai dawo ba?"

Na warware takardar. Mutum ne a kan doki. Dokin ruwan ƙasa ne, ya ɗaga ƙafa ɗaya, sama rawaya, ƙasa kore-kore. Irin zanen nan ne da ake dangwala fenti da kauri, in ka matso kamar miya ce ta zube, in ka ja da baya sai mutum ya fito. Fuskar mahayin ba ta fito sosai ba. Wani abu mai duhu ya rufe masa kai da kunnuwa, a haɓarsa kuma akwai wani mai duhun, ya rabu reshe biyu.

Ban ko buɗe baki ba sai ga ƙanena a kaina da almakashi a hannu. Ya baro mahauci a kujera da rabin aski.

"Yaya, matsa. Wannan ba aikin masu auna sukari ba ne."

Gwaggo ta cafki hannun rigarsa. "Kai, ka ji abin da na ce a kan idona?"

"Ban ji komai ba, Gwaggo. Kunnena na ilimi ne kawai."

"To ko ka ji, ka haɗiye."

"Na haɗiye, har ya narke."

Ya sunkuci zanen ya shige shagonsa, ya buga ƙusa a bangon baya, can bayan kujerar aski, ya rataye shi. Wanda bai zauna da mai aski ba ba zai gane ba: mutanen nan ba sa juyowa. Ƙanena ya yi shekara da shekaru yana kallon duniya ta madubi. Ta nan yake gaisawa, ta nan yake faɗa, ta nan yake ganin wanda ya shigo da wanda ya fita. To ta nan ya shiga nazarin zanen, yana aski yana kaɗa kai.

Kafin rana ta take shago ya cika. Gwaggo na zaune a benci, hannu a cinya. Farfesa ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Da farko dai, mahayin nan Auta ne da kansa."

"Ta yaya ka sani?" in ji Mai Faci. Rumfar facin tayarsa na bakin layi, kuma tun suna yara shi da ƙanena ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Dubi hannun da ya riƙe linzami. Hagu ne. Gwaggo, Auta ba bahago ba ne?"

"Bahago ne," ta ce. "Na yi faɗan har na gaji."

"Kun ji ko? Na biyu, gashi. Ku doki kuke kallo, ni gashi nake kallo. Duk abin da ke zuciyar mutum a gashinsa yake fitowa. Dubi sumar nan ta rufe kunne. Dubi gemun nan. Mutumin da ya tara gashi haka bai yarda da masu askin ƙasar da yake ba. Kewar gida ce ta cika shi, da kewar hannuna."

"To me ya raba gemun biyu?" mahauci ya tambaya daga cikin ƙyallen aski.

"Zuciyarsa ce ta rabu. Reshen hagu aiki, reshen dama uwa. Wanne ya fi tsawo?"

Aka leƙa madubi, aka ce na dama.

"To magana ta ƙare. Gwaggo, ɗanki yana hanya."

Ya faɗi haka ne yana wurga hannu, ya manta injin aski na kunne. Injin ya bi ta tsakiyar kan mahauci ya buɗe hanya tun daga goshi har ƙeya. Mahauci bai ma ji ba, tafi yake yi. Gwaggo kuwa tana dariya hawaye na zuba, tana sa wa ƙanena albarka. Ni kaina sai da na ji daɗi ya kama ni, don na san yadda matar nan ta ƙagu ta ji wannan magana.

Da yamma ya leƙo ta saman katako, ido na ƙyalli.

"Yaya, na gano abin da aka halicce ni dominsa. Aski ɓata lokaci ne. Ranar da Auta zai iso zan shirya tarba a ƙofar shago, da rumfa da kujeru da lasifika. Zan yi lacca a kan zanen nan a gaban mai zanen. Zai rungume ni ya ce duk duniya ba wanda ya gane shi sai ni. Daga nan ya tafi da ni can, in riƙa yi wa manya fassara."

"In ka tafi wa zai gyara kan mahauci?"

"Gashi ne, zai fito."

Washegari aka ƙara rubutu a allon shago: ASKI DA FASSARAR ZANE. Jama'a suka yi ta ɗauko abin da ke rataye a ɗakunansu. Wannan ya kawo kalanda mai hoton kwale-kwale, aka ce masa kwale-kwalen na cikin damuwa. Waccan ta kawo gwangwanin biskit mai hoton kyanwa, aka ce mata kyanwar na da sirri. Wata ta kawo hoton bikinta, Farfesa ya dubi gashin bakin angon ya ce wannan gashin bakin mai nadama ne. Ba a jima ba angon ya iso da kansa riƙe da takalmi, sai a bayan buhunan shinkafata ƙanena ya ƙarasa fassarar.

Bai daddara ba. Yana fitowa daga bayan buhu ya ƙirƙiro sabon gyara, wai shi gemun mai doki. A aske gefe da gefe, a bar na haɓa, a raba shi biyu, a murɗe da man gashi, na dama ya ɗan fi tsawo. Da kansa ya fara. Ya yi wa mahauci don ya huce a kan hanyar da ke kansa. Direban tasi ya gani ya ce shi ma, malamin makaranta ya ce shi ma, mai gadin ma'ajiyar siminti ya ce ba za a bar shi a baya ba. Samarin da gemunsu bai fito ba suka riƙa wucewa suna shafa haɓa cikin takaici. Man gashi ya ƙare ƙaf a shagona, har na jarirai aka saye.

Ana cikin haka Mai Faci ya shigo ya tsaya a tsakiyar shago. Ya dubi madubi, ya dubi bango. Ya sake duban madubi, ya sake duban bango.

"Farfesa, juyo."

"Ina aiki."

"Juyo dai ka dubi bango. Da wane hannu mutumin nan ya riƙe linzami?"

Ƙanena ya juyo, kuma na rantse tun da ya rataye zanen bai taɓa kallonsa ido da ido ba sai ranar. Linzami na hannun dama. Dogon reshen gemun kuma ya koma hagu.

"Ashe ba bahago ba ne," in ji Mai Faci. "Kuma ashe aiki ya fi uwa tsawo."

Na ga gumi ya tsattsafo a goshin ƙanena. Na ce yau dai bakinsa ya mutu. Ina, sai ya cire tabarau ya goge a hankali ya mayar.

"Kai dai faci ka iya. Auta ya san wa zai fassara zanen nan? Ni. Ya san da me nake kallo? Madubi. To don madubi ya zana shi. Wanda ya kalle shi kai tsaye, bayan maganar ya kalla."

"Wato mu masu ido mun yi kuskure, gilashi ne ya yi daidai."

"Yanzu ka fara karatu."

"To na ji. Ina dokin ya dosa?"

Aka bi hancin doki da ido. Tasha ya dosa, hanyar barin gari. Farfesa ya ce ai ƙusa ce ta karkatar da ma'ana, ya cire zanen ya mayar bangon hagu. Aka bi hanci, sai ga shi ya miƙe sak zuwa maƙabartar da ke bayan layi. Kowa ya yi salati, Farfesa ya fizge shi da sauri ya kai bangon dama. Nan kuma dokin ya saita rumfar mahauci.

Mahauci ya miƙe tsaye. "Ni ban taɓa sayar da naman doki ba. Kada a ja mini abin da ba zan iya fita ba."

Aka yi ta yawo da doki a shago, ƙusa nan ƙusa can, har bango ya zama rariya. Daga ƙarshe aka gano wuri ɗaya ne tak hancin ke kallon gidan Gwaggo: a jikin ƙyauren shago, in an buɗe shi rabi. Aka rataye shi a nan. Matsalar ita ce duk wanda ya shigo sai ya tura ƙyaure, doki ya juya tasha. Matan layi suka samu abin yi, suna zaune a ƙofar shagona. In an tura su ce, "Ya tafi." In an jawo su ce, "Ya dawo." Da abin ya ishi Farfesa ya sa dutse ya tokare ƙyauren, ya hana kowa taɓawa. Masu son gemun mai doki suka koma shiga ta taga, direban tasi ma sai da aka turo shi ta baya.

Gwaggo ta tsallako da sandarta ta tsaya a bakin tagar.

"Ɗan nan, ka ce yana hanya. Wace rana zai iso?"

Ƙanena ya karkata madubin hannu ya leƙa bayan doki. "Dubi wutsiyar nan, an taje ta tsaf. Ni na san ranar da mutane ke gyara. Ba mai taje wutsiya ranar Talata. Asabar ce, Gwaggo."

Daga nan abin ya daina ba ni dariya sosai. Gwaggo ta buɗe ɗakin Auta, ta fitar da katifa rana, ta wanke labule da lalube, ta buge ƙwauri a ƙafar gado ba ta ko kula ba. Na same ta tana goge madubin ɗakin da ita ba ta ganin kanta a ciki.

"Gwaggo, don Allah ki kira shi ki tabbatar."

"In ya ce me na gani a zanen fa? Bari ya zo. In ina riƙe da hannunsa zan gaya masa komai."

Na koma na tsare ƙanena a taga. "Ka ji ni da kyau. In ka karya zuciyar matar nan, da wuƙar yanka sabulu zan aske ka."

"Yaya, ke matsalarki ba ki yarda da ilimi ba."

Ranar Asabar layi ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika a jikin falwaya. Ni da matan layi muka dafa shinkafa da kaji, don in ana rawa ba ni ce zan tsaya ina harara ba. Farfesa ya ɗora zanen a kan tebur, sannan ya sa aka ciro babban madubin shago aka kafa a gaba. Ya ce kowa ya juya wa zanen baya ya fuskanci madubi, don a ga ma'ana ta gaskiya. Aka juya kujeru. Ba wanda ya ga doki, kowa kansa ya gani, sai gyaran gemu ake yi.

Sahun gaba duk masu gemun mai doki ne, sun sha mai suna ƙyalli. Gwaggo na tsakiyarsu cikin kayanta masu kyau. Can sai ga Mai Faci ya iso a makare, ya rufe haɓa da hannu.

"Buɗe mu gani," in ji mahauci.

Ya buɗe. Reshe biyu, na dama ya fi tsawo.

"Matata ce ta ce naka ya yi kyau," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ba wai na yarda ba ne."

Farfesa ya hau kan akwati ya kama makirufo. Ya ce rawayar sama farin ciki ne, koren ƙasa kuma farin ciki ne da bai nuna ba. Ya ce ƙafar da dokin ya ɗaga sallama ce yake yi wa baƙon wuri. Ya ce kunnen doki ɗaya na sauraron uwa, ɗaya na sauraron mai fassara. Lasifika na ƙara tana tsiwa, shi yana ƙara murya, kajin maƙwabta suka watse.

Yana tsakiyar bayanin kofato wata tasi ta tsaya. Wani mutum mai suma da gemu ya fito riƙe da jaka.

"Ga shi nan!" Farfesa ya kwarara ihu, ya diro daga akwati.

Kafin bawan Allah ya rufe ƙofar mota an rungume shi, an ɗaga shi sama, an karɓe jakar, ana yi masa barka da hanya. Yana cewa ku tsaya, ana cewa ya rame. Aka dire shi a gaban Gwaggo. Ta kama hannunsa ta shafa, ta saki.

"Wannan ba nawa ba ne."

Ashe mai gyaran famfo ne, gidan malamin makaranta ya zo. Aka ba shi haƙuri da cinyar kaza, ya zauna a gefe yana ci yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Farfesa ya ce wannan gwaji ne, kuma mun ci. Motar ruwa ta wuce aka yi mata tafi, mai keke ya wuce aka leƙa fuskarsa. Rana ta fara karkata, shinkafa ta huce, Gwaggo sai juya kai take duk inda ta ji ƙarar inji.

Sai wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Auta ne, kiran da ya saba yi duk ƙarshen mako, mai hoto. Kafin ta lalubo madanni ƙanena ya fizge wayar, ya kara ta a makirufo.

"Auta, Farfesa ne ke magana, mai fassararka. Kana tasha ne ko ka shigo layi?"

Muryar Auta ta fito ta lasifika tar. "Wace tasha? Ina ɗakina, yanzu na ajiye aiki. Wa ke magana? Mai aski? Ina Inna? Me ake yi a nan?"

"Tarbarka ake yi." Ya juya wayar ya haska masa jama'a. Sahun gaba suka miƙe suna ɗaga hannu, baki har kunne.

"Tsaya, tsaya," in ji Auta. "Me ya sami haɓar mutanen nan?"

"Gemunka ne, na cikin zane. Layi gaba ɗaya ya ɗauka."

"Wane gemu? Ai babu gemu a zanen nan."

"Ga shi nan mai reshe biyu, ɗaya aiki ɗaya uwa."

Sai dariya ta ɓarke ta lasifika, irin wadda mutum ke yi har ya rasa numfashi. Da ƙyar ya iya magana.

"Wannan ƙullin ɗankwalin Inna ne. Inna ce a kan dokin."

Duk muka juya muka dubi Gwaggo. Ga shi nan a ƙarƙashin haɓarta, ƙulli mai reshe biyu, ɗaya ya fi tsawo, yadda take ɗaura shi kullum har muka daina lura.

"Na yi ta roƙonta ta zo ta zauna wurina," in ji Auta, yana share ido. "Ta ce ita ba jirgi ba mota, sai dai in aiko mata da doki. To na aiko. Ma'anar ke nan, ga doki, ki taho."

Matan layi suka zube. Wata ta faɗo daga kujera tana riƙe da ciki, wata ta tuntsure da tukunyar shinkafa, mai gyaran famfo ya ƙware da ƙashin kaza. Mazan sahun gaba kuwa kowa ya dafe haɓa.

"Wato ɗankwali nake yawo da shi a fuska?" in ji mahauci.

"Da shi na shiga aji," in ji malamin makaranta.

"Ni hoto na ɗauka na aika wa surukaina," in ji Mai Faci, yana naɗe hannun riga.

Suka nufo shi a jere. Ƙanena ya ja da baya, ya yi karo da madubi, na tare shi da ƙyar kada ya fashe. Waya na hannu ɗaya, makirufo na ɗayan, tabarau ya zamo kan hanci.

"Ku tsaya, jama'a, ku yi mini adalci. Laifina ne? Ita mai ɗankwalin ma ba ta gane kanta ba. Da tana gani ai da ba a kawo mini ba. Matar da ko tafin hannunta ba ta..."

Ya datse bakinsa, amma lasifika ta riga ta kai maganar har bakin layi. Dariya ta ɗauke ɗif. Ban taɓa jin haushin yaron nan kamar na wannan lokacin ba. Na fizge wayar na danƙa wa Gwaggo a hannu.

"Inna," in ji Auta, "me yake cewa?"

"Rabu da shi, surutunsa ne."

"Inna, dube ni. Wace irin riga ce a jikina?"

Ta kawo wayar kusa da hanci, ta ja ta nesa, ta sake kawowa. Ina tsaye a kafaɗarta, ina ganin rigar ja ce.

"Fara," ta ce.

Auta ya rufe fuska da hannu. Ya daɗe a haka.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima. Ban so ka bar aikinka saboda tsohuwa ba."

"Ni kuma na aiko miki da zane, na ce ki duba da kyau."

"Ba komai, Auta. Na shanya maka katifa ne, na wanke labule. Sai in mayar."

"Kada ki mayar da komai. Ki bar ɗakin a buɗe. Ina zuwa, ni zan kai ki wurin likitan ido da kaina."

Gwaggo sai gyaɗa wa wayar kai take yi, hawaye na sauka kan ƙullin ɗankwalin. Matan da suka gama dariya yanzu su ne ke jan hanci.

Sai na ji motsi a bayana. Ƙanena ne ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara tabarau.

"Jama'a, na ce zai dawo ko ban ce ba?"

Mahauci ya taso. Ya kama shi ta dogon reshen gemunsa ya ja shi zuwa shago, ya shure dutsen da ke tokare da ƙyaure. Sauran suka bi a layi, kowa da hannu a haɓa. Ƙanena ya yi ta aske ɗankwali daga fuskokin maza har hannunsa ya sage, Mai Faci na tsaye a kansa yana nuna masa inda ya bari.

Ni kuwa na ɗauko zanen na zauna kusa da Gwaggo. Ta ɗora yatsu a kai tana bin tudun fentin a hankali, ta sami kan dokin, ta hau wuyansa, ta tsaya a kan mahayin.

"'Yar nan, ɗankwalin wane launi ne?"

"Shuɗi mai duhu."

"Da shi na raka shi tasha." Ta sake shafa mahayin. "Na zauna daidai kuwa? Ban karkace ba?"

"Kin zauna daram, Gwaggo. Kai a sama, linzami a hannu."

Ta goge ido da bayan hannu, ta lalubo sandarta ta miƙe.

"To ɗauko mu tafi gida. Ki rataye mini shi kusa da gado, tun kafin ƙanenki ya gama da su ya ce saura ni a aski."